Saƙon Malam Gide zuwa Sabuwa

Na kai daidai wurin da nake cewa ƙafafuna sun daina taɓa ƙasa ke nan, sai Inna Mero ta leƙo zauren gidana da faifai a ka tana kare ruwa. Mutum huɗu ne a gabana a kan tabarma, duk ruwan sama ne ya koro su, kuma duk sun ji labarin gudun da na yi daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa ya fi sau ashirin. Amma shayin nawa ne, don haka suna saurare.

"Malam Barau, maƙwabcinka na kira," in ji ta.

"To Inna, bari in kai ƙarshen..."

"Ƙarshen ai mun san shi. Ka isa Sabuwa, an ɗaga ka sama. Taso."

Mutanen suka yi dariya, ni ma na taya su, don Inna Mero ta wuce in yi fushi da ita. Na zura takalmana kambas, na bi bayanta.

Bari in faɗi ko ni wane ne a lokacin, tunda yanzu tsufa ya rage mini kunya. Malamin wasanni ne ni a firamare, da usur a wuya ko da ranar hutu. Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, kowa yana ganin gobe ma haka za ta kasance. Rufin kwano ya fara ƙyalli a unguwarmu, masinjan ofis ya sayi babur, mai shayi ya ajiye rediyo mai kaset a kan teburinsa. Har yau in na ji ƙamshin burodi da madarar gwangwani sai zuciyata ta koma can, kuma ina kewar zamanin ba kaɗan ba. Kowa na neman abin da za a san shi da shi. Ni ba ni da babur, sai ƙafafu masu kyan gani a cikin gajeren wando.

Shekara uku kafin wannan damina na sanar wa duniya cewa zan yi gudu daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa a yini guda, mil sittin da ɗoriya. Ni na raɗa wa kaina suna Guguwa. Ni na rubuta wa wani ɗan jarida wasiƙa har uku ya yarda zai jira ni a Sabuwa. Ni na ɗauko makaɗi ya raka ni bakin gari. Kafin magariba na shiga Sabuwa jiƙe sharkaf, aka ɗaga ni sama, aka ɗauki hoto, hoton ya fito a jarida, na sa shi a gilashi na rataye a zaure.

Abin da ba ya cikin labarin shi ne motar Ɗanliti. Ban kai Faskari ba numfashina ya ƙare, na zauna a gindin wata ɗorawa ina ganin taurari da rana tsaka. Ɗanliti direban gari ne, ya zo wucewa da lodin gishiri, ya taka birki. Na shige ƙarƙashin tamfol, ban fito ba sai da ya rage mil uku. Jiƙewar da aka gani a hoto kuwa ruwan jarkarsa ne.

Maƙwabcin nawa, Malam Gide mijin Inna Mero, katanga ɗaya ta raba mu. Manomi ne, siriri, ba ya son magana. Tun kafin mota ta san hanyar ƙauyukanmu, in mutum ya rasu ko ciwo ya tsananta, shi ake aika ya sanar da dangi na nesa, da ƙafa. Ba wanda ya taɓa auna nisan da ya ci a rayuwarsa, shi ma bai taɓa ba da labari ba. In ina nawa a ƙofar gida yakan zauna gefe yana tufka igiyar rama, in na gama ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Har na taɓa zaunar da shi ina koya masa yadda ake numfashi a gudun dogon zango, kamar yadda na gani a littafi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini godiya.

Ɗakinsa na ƙasa ne, bai bi yayin kwano ba. Ruwa na ɗiga cikin wata ƙwarya a kusurwa. Yana kishingiɗe a gadon kara, ƙafafun nan da suka san kowace hanya sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Wata biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti da ƙullin ƙwayoyi.

"Zauna, Guguwa." Shi kaɗai ne in ya kira ni da sunan nan nake jin kamar an taka mini yatsa.

"Baba, ya jikin?"

"Jiki ya gama nashi. Aike gare ni, Sabuwa."

"Sabuwa, Baba? Ai ruwa ya yanke hanya wuri uku. Kwana huɗu ba motar da ta hita, masu babur ma sun jingine."

"Shi ya sa ban kira direba ba."

Ya huta, sannan ya fara, yana yi yana tsayawa neman numfashi. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, Gwaggo Alheri ta gidan da ke kallon nasa ta kwanta ciwon ajali. 'Yarta guda ce, Hajaratu, tana aure a wata unguwa gab da Sabuwa. Ta kira Gide ta ce ya kawo mata 'yarta ta gan ta. Ya fita da asuba. Da ya iso Faskari ya tarar ana kasuwar auduga, wani Baturen kamfani ya sa tseren samari, wanda ya ci a ba shi jan bargo.

"Samari suka gan ni, suka ce ga Giden da ake hwaɗa, yau za mu gani. Na ce a raina, wannan ai ɗan lokaci ne, kamar shan ruwa. Na shiga. Na ci. A kwanar ƙarshe ƙahwata ta gurɗe, ban ji ba sai da aka gama tahi."

Tafiyar da ta rage masa ta rabin yini, sai ta ci kwana ɗaya da yini. Hajaratu ta iso Ƙanƙara an binne uwarta jiya.

"Na ce masu rami na hwaɗa. Bargon kuma na ce ma Mero saye na yi. 'Ya'yanmu huɗu a kanshi suka yi rarrahe."

Inna Mero na bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Daga yadda ta matse baki na gane ita ma ba ta daɗe da ji ba.

"Ka tahi ka hwaɗa ma Hajaratu yadda aka yi. Kada ka gyara komi, na san ka da gyaran labari. Ka ce ina neman gahwararta. Abin da ta ce, mai daɗi ko marar daɗi, ka kawo mani ina da rai."

Na fara shafa gwiwa, na ce kwanan nan tana ɗan damuna, kuma gudu irin wannan yana son shiri na wata uku. Ya bar ni na gama.

"Ranar da ka yi gudunka ina kan burtali, za ni Faskari da saƙon rasuwar Rabo maƙeri. Na ga tamfol ya ɗaga, na ga jan wandonka ya shige. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Mero."

"To yanzu na ji," in ji Inna Mero.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara uku ina ba da labari a gaban mutumin nan, yana ce mini sannu da ƙoƙari.

"Ba don in kunyata ka ba ne," ya ce. "Wani in na aike shi zai riƙa yi mani kallon mai laihi. Kai kuwa ni da kai ba mai kallon wani."

Daga nan ya shiga ba ni hanya, muryarsa har ta ɗan dawo. In bar titi in bi burtali, hanyar shanu, don ta fi miƙewa kuma makiyaya sun san inda ake tsallake kowane rafi. Kada in yi gudun da ba zan iya karanta Ƙulhuwallahu a cikinsa ba, sassarfa ta isa. In ci abinci a tsaye, don in na zauna ƙafa za ta mutu. In amsa gaisuwa ina tafiya, in ba haka ba mutanen ƙauye za su cinye mini yini da ina gajiya. In cire takalmin Turawan nan in sa nasa na taya.

"In kuma ka samu mota ka hau. Ko jaki ne."

Na ɗago na dube shi, na zaci ba'a ce.

"Ni duk ran da na samu, hawa nike," ya ce. "Me za a yi da wahalata?"

Litinin ce, muna hutun makaranta. Inna Mero ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da dabino a tsumma, ta miƙo takalman. Na karɓa na rataya a wuya, amma na fita da kambas ɗina, don mutanen zaure na kallo. Kafin la'asar sun sha ruwa sun yi nauyi, sun kwaye mini dunduniya biyu. Na bar su a kan wani kututture, na sa na taya.

Ban taɓa sanin ƙasarmu ba sai a wannan tafiya. Burtali ya ratsa tsakanin gonakin dawa da suka fi ni tsawo, ƙasa duk ramukan kofato cike da ruwa. A rafin farko na tsaya ina kallon jan ruwa yana tafiya da reshen itace, ban san yadda zan yi ba, sai wani makiyayi ya iso da garkensa. Na ce masa Malam Gide na Ƙanƙara ne ya aiko ni. Bai ƙara tambayata komai ba, ya kama hannuna ya ɗora a wutsiyar wani farin sa, ya ce in riƙe da kyau in rufe baki. Haka na tsallake, ni Guguwa na jarida, sa yana ja na.

Duk inda na ambaci sunan nan ƙofa buɗewa take yi. A wata ruga matan suka dama mini fura, suka ga ina sha a tsaye, babbarsu ta yi murmushi ta ce lalle shi ne ya aiko ni. A gefen Tafoki wani tsoho ya biyo ni da sandarsa muna tafiya yana ba ni labari: Gide ne ya kawo musu saƙon mahaifinsu, ya iso da hantsi, suka samu sallar gawa. Ya nuna mini wata tsamiya, ya ce a nan Gide yake sallar azahar duk ran da ya biyo. Zuciyata ta ƙi haƙura, na ce masa ni ne Barau Guguwa, wanda aka buga a jarida.

"Allah sarki," in ji tsohon. "Ɗan wa?"

Kwana biyu na yi a hanyar da Malam Gide yake cinyewa tsakanin asuba da lisha. Ranar Laraba da hantsi na yi sallama a gidan Hajaratu. Ta fito zaure da kwano da wuƙa tana yanka kuɓewa, mace mai jiki, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Da ta ji daga Ƙanƙara nake ta dubi ƙafafuna, ta dubi takalman, ta ajiye wuƙar.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Hajiya. Malam Gide ne ba lahiya. Shi ya aiko ni."

Na faɗa mata a tsaye. Harshena ya so ya ƙara gishiri, ya ce samarin tilasta masa suka yi, ko Baturen ne ya matsa. Na danne shi. Na faɗi tseren, na faɗi bargon, na faɗi ramin da babu shi. A rayuwata ban taɓa ba da labari tsirara haka ba, kuma ya fi tafiyar wuya.

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yankan kuɓewa. Ta yanka ta kai goma kafin ta yi magana.

"Maigidana, Allah ya jiƙan shi, yana kasuwar auduga ran nan. Har da shi aka tahwa ma Gide. Bai san saƙona ne a bakinshi ba. Ban cika sati da dawowa ba na sani."

Ta tura kuɓewar cikin kwano, ta ci gaba.

"Shekara ashirin da biyar yana wucewa ta bayan gidan ga da saƙon mutane. Sai in hango shi ya ratse ta gonar Nata'ala don kada mu haɗu. Ni kuma ina nan ina cewa yau zai tsaya. Na yi hushi, ba zan ɓoye maka ba. Innata ta tahi tana kallon ƙohwa." Ta goge ido da bayan hannun da ke riƙe da wuƙar. "Amma bayan wannan bai sake makara ma kowa ba, duk ƙasar ga an sani. Ka ce mashi na yahe, duniya da lahira. Ka ce mashi da ya tsaya tun tuni da ya sha hura."

Ta shiga ciki ta fito da ƙullin daddawa, ta ce in kai wa Mero ta sa masa a miya, bakin mara lafiya yana son abin da zai ji. Ta ce in kwana in huta, sai kuma ta sake duban fuskata.

"Jikin ya yi nisa ko?"

"Ya yi nisa."

"To kada ka kwana."

Dawowar ban iya tuna ta duka. Na san ruwa ya ɗauke, rana ta fito, rafuka suka ja baya har na tsallake biyu da ƙafata. Na san farcen babban yatsana ya fita ban ji ba. Na san warin daddawa ya bi ni har ƙudaje suka ɗauke ni ɗan'uwa. Amma wani abu ya fara tsiro a raina tun daga Tafoki, yana girma da kowane taku. Na je Sabuwa da ƙafata. Ga ni ina dawowa da ƙafata. In na shiga Ƙanƙara haka, na yi ninkin abin da na yi ƙarya a kansa, hoton da ke zaure ya zama na gaskiya, Malam Gide kuma in ya ce sannu da ƙoƙari, da gaske zai faɗa. Na riƙa tsara yadda zan ba da labarin, har da inda zan tsaya in kurɓi shayi.

Ranar Juma'a da hantsi burtali ya fito da ni kan titi, mil goma sha biyar ya rage. Ina ɗingishi sai na ji ƙugin mota a bayana. Hanya ta buɗe ke nan. Ta wuce ni kaɗan ta tsaya, lodin takin zamani ne a bayanta. Direban ya leƙo, sai ga haƙoran Ɗanliti.

"A'a, Guguwa. An ce ka tahi Sabuwa, na ce halan wata motar ka samu." Ya buɗe ƙofa. "Hau mana. Ko bayan za ka shiga? Tamfol ɗin na nan, ai ka san wurinka."

Wasa yake yi, irin wanda muka saba. Mutum biyu ne zaune a gaba tare da shi, 'yan garinmu, suna kallona. Na ji jini ya hau mini ka.

"Na gode. Da ƙahwata na tahi, da ƙahwata zan koma."

"Kai malam, dubi ƙahwar taka. Awa guda muna gari."

"Ka tahi, Ɗanliti."

"An ce tsohon jiranka yake."

"Yanzu zan iso. Mil sha biyar ai ba komi ba ne."

Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗan jira, ya ja ƙofa, ya tafi. Na tsaya ina kallon motar tana tangaɗi a cikin taɓo har ta sha kwana, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ce a raina mutumin da ya yi wata biyu a kwance ba zai kasa jiran rabin yini ba. Maganarsa ta jaki ta faɗo mini, na ture ta gefe. Ko a mafarki ban yi tunanin in ce wa Ɗanliti ya tsaya in ba shi kalma biyu ya kai ba. Saƙon nawa ne, ni zan shiga da shi.

Mil goma sha biyar ɗin nan sun fi duk na baya tsawo. Sassarfa ta gagara, na koma tafiya, tafiya ta koma jan ƙafa. Ina jin kiran sallar Juma'a daga wani ƙauye can nesa, na yi azahar a gefen hanya, da ƙyar na miƙe daga sujada. Rana ta karkata kafin in hango rufin kwanon garinmu.

A bakin gari, ta hanyar maƙabarta, na ci karo da jama'a suna dawowa. Wasu da fartanya a kafaɗa, mutum biyu ɗauke da makara ba kowa a ciki. Limaminmu ne a gaba. Ban tambayi kowa ba, don na ga maƙwabtanmu kaf a wurin.

Suka kewaye ni. Wani ya ce ashe dai Guguwa ba ƙarya ba ne, Sabuwa zuwa da dawowa da ƙafa, a cikin wannan ruwa. Wani ya ce wannan karon sai an kira ɗan jarida. Ɗaya daga cikin masu shan shayina ya durƙusa yana nuna wa mutane farcena da ya fita. Abin da na yi shekara uku ina roƙo ke nan, aka kawo mini shi a hanyar maƙabarta. Can baya na hango Ɗanliti, hannunsa duk jar ƙasar kabari. Ya sauke lodinsa, ya yi Juma'a, ya samu jana'iza. Idonmu ya haɗu, ya kau da kai.

Na ratsa su na wuce gidan. Maza sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofa, daga ciki ana jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa. Inna Mero ta sa aka shigo da ni tsakar gida, ta nuna mini turmi a kife kusa da madafa. Wannan karon na zauna.

"Yaushe, Inna?"

"Ana kiran hwarko na Juma'a. Da hankalinshi har ƙarshe."

Na ciro ƙullin daddawa na miƙa mata. Ta karɓa ta shinshina, ta riƙe shi a cinya.

"Ɗanliti ya shigo tun kahin rana ta take," ta ce. "Ya ce ya gan ka a hanya, ka ƙi hawa."

"Baba ya ji?"

"A gabanshi ya hwaɗa. Ya tambaye shi ko ka ba shi abin da Hajaratu ta ce. Ya ce a'a."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba, kuma shekarun da suka biyo baya ba su rage shi da yawa ba.

"Me ya ce?"

"Ce mani ya yi, 'Mero, ɗora mashi ruwa ki sa gishiri. Zai iso da ƙahwa a hwashe.' Bai ƙara wata magana ba sai salati." Ta gyara mayafinta. "To, me ta ce?"

"Ta ce ta yahe, duniya da lahira. Ta ce da ya tsaya tun tuni da ya sha hura."

Inna Mero ta juya ta dubi ƙofar ɗakin. An ɗage labulen, an fitar da gadon karan an jingine shi a bango yana shan iska. Ta daɗe tana kallon wurin, leɓenta na motsi, ban ji abin da take cewa ba.

Sannan ta tashi ta sauke tukunya daga murhu. Itacen ya cinye saura garwashi, da gani an sha iza wutar. Ta juye ruwan a wani tsohon daro, ta taɓa da yatsa, ta sirka da na randa, ta turo shi gabana. Ta durƙusa da kanta ta kwance mini igiyar takalman, don hannuna ya kasa, ta ajiye su gefe guda. Wata mata ta kira ta daga ɗaki, baƙi sun iso daga Mabai, ta amsa ta tafi.

Na sa ƙafafuna a ciki. Ruwan da sauran ɗuminsa. Na zauna ina kallo yana komawa ja a hankali.